Yadda za ki koya wa yara labarin tashin Yesu da aikin hannu

'Yar'uwa, kin ce 'ya'yanki ƙanana ne, ba sa iya zama su saurari dogon karatu, kuma kina so su fahimci tashin Yesu daga matattu kafin Ista. Shawarata ita ce ku gina kabarin tare.

Ku kwaɓa laka a faffaɗan faranti, ku yi ɗan kogo mai baki ɗaya. Ki bar yaran su fita su tsinto dutsen da zai rufe bakin, su ɗaure 'yan sanduna da zare su yi gicciye uku. Ko ya karkace, kada ki gyara musu. Abin da hannunsu ya yi shi za su riƙe.

Ranar Jumma'ar da ke kafin Ista ku naɗe ɗan icce da farin ƙyalle a matsayin jikin Yesu, ku sa a cikin kogon, ƙaramin cikinsu ya rufe da dutsen. Asabar kada kowa ya taɓa. Wannan jiran na fi ƙauna, domin za su yi ta tambayarki ko Yesu yana nan ciki, kamar yadda almajiran suka yini cikin juyayi.

Daren Asabar, bayan sun yi barci, ki cire iccen, ki mirgine dutsen, ki bar ƙyallen. Da asubar Lahadi ki tashe su su leƙa da kansu, sannan ki karanta musu Markus 16:1-7, inda matan ke tambayar juna wa zai kawar musu da dutsen. Wanda ya kai shekara 8 ya karanta Yohanna 20 da bakinsa, ɗaya ya zama Maryamu Magadaliya, wani Bitrus.