Tambayoyin Masu Karatu: Mofin, Tiramadol da Tsoron Kamu

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun shafi magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, wato dangin ofiyom irin su mofin, kodin, tiramadol da fentanil. Mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen marubutansu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu mai shekara 72 yana fama da sankara, kuma an ce ta bazu zuwa ƙashin bayansa. Ba ya barci da dare saboda zogi. Makonni biyu da suka wuce likitansa ya rubuta masa mofin na ruwa, ya ce a riƙa ba shi bayan kowace awa 4, amma yayanmu ya hana. Ya ce ƙwaya ce irin ta masu shaye-shaye, kuma ya ji cewa ba a ba mutum ita sai an fid da rai da shi, tana ma gaggauta mutuwa. Yanzu sai ciwon ya kai Baba ga hawaye muke ba shi rabin abin da aka rubuta. Mun yi daidai kuwa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba sauƙi. Na san ƙauna ce ta sa yayanku ya tsaya a kan bakansa, amma tsarin da kuke bi yanzu yana barin Baba cikin azabar da za a iya ɗauke masa, kuma ina roƙonku ku koma ga likitansa ku duka, har da yayan naku, domin ya ji bayani da kunnensa.

Mofin tsohon magani ne. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Sertürner, shi ya fara tace shi daga ƙaron tsiron ofiyom a farkon ƙarni na 19, kuma tun daga lokacin likitoci ke amfani da shi, don haka halinsa sananne ne ciki da waje. Yana aiki ne ta hanyar manne wa wasu gurabe a laka da ƙwaƙwalwa, waɗanda saƙon ciwo ke bi ta kansu, sai ya rage ƙarfin saƙon, ya kuma rage tashin hankalin da ke tattare da shi. Mofin na sha irin wanda aka ba Baba yana fara aiki cikin kusan rabin awa, ƙarfinsa kuma yana gushewa bayan kimanin awa 4. Dalilin da ya sa aka ce a ba shi a kan lokaci ke nan. Ciwon sankarar da ta kama ƙashi yana nan dare da rana, saboda haka idan aka jira sai ya kai mutum ga kuka, an bar shi ya sha wahalar jiran, kuma danne ciwon da ya riga ya tashi ya fi cin magani a kan tsare shi tun bai tashi ba. Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan kula da masu jinyar ƙarshe na St Christopher's a Landan a 1967, ta yi fice wajen koyar da wannan ƙa'ida, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin tsarin da ta fitar a 1986 na magance ciwon sankara: a ba da magani ta baki, a kan lokaci, a kuma hau mataki-mataki daga masu sauƙi irin su farasitamol zuwa masu ƙarfi irin su mofin gwargwadon tsananin ciwon. Tsananin ciwo ake dubawa wajen rubuta mofin, ba ko an fid da rai da mutum ba. Ana ba wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya karye, da mai sikila idan ciwonsa ya tashi, su warke su ci gaba da harkokinsu.

Game da gaggauta mutuwa, haɗarin mofin na gaske shi ne rage numfashi, kuma hakan yana faruwa ne idan aka ba wanda jikinsa bai saba ba adadi mai yawa a tashi ɗaya, ko aka haɗa shi da wasu magungunan sa barci. Idan likita ya fara da kaɗan yana ƙarawa sannu a hankali bisa yadda majinyaci ke ji, wannan haɗari ƙarami ne ƙwarai. Abin da ke jawo wannan zargi, a ganina, shi ne sau da yawa ana jinkirta mofin har sai majinyaci ya kai gargara, idan ya rasu bayan kwana biyu sai dangi su ɗora wa maganin alhakin abin da cutar ta yi. Kamu kuwa, wato mutum ya riƙa neman ƙwaya don maye yana kasa dainawa, ba kasafai ake ganinsa ba ga dattijo mai ciwon sankara wanda bai taɓa shaye-shaye ba kuma likita na bibiyarsa.

Ga abin da nake so ku yi a aikace. Ku samu takarda ku ja mata layi, ku rubuta lokutan shan maganin, misali ƙarfe 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare da 2 na dare, mutum ɗaya kuma ya ɗauki nauyin aunawa. A auna da sirinjin baki mai alamar mililita, a riƙe shi daidai da ido a ga inda ruwan ya tsaya, domin cokula sun bambanta da juna kuma ƙarfin mofin na ruwa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. A gefen kowane lokaci ku tambayi Baba ya kimanta ciwon daga 0 zuwa 10, ku rubuta. Ku tambayi likita adadin da za a ƙara idan ciwo ya ɓarke tsakanin lokuta, wanda galibi yakan kasance kusan kashi ɗaya cikin shida na jimillar abin da ake sha a yini, kuma ku rubuta duk lokacin da aka ba da ƙarin. Da wannan takarda likita zai san ko ya ƙara ko ya rage.

Gyangyaɗi da tashin zuciya sukan zo a kwanakin farko sannan su lafa. Taurin bayan gida shi ne ba ya lafawa muddin ana shan maganin, don haka ya kamata a haɗa wa Baba da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Na fi jin majinyata sun daina mofin saboda wannan matsala fiye da kowane dalili, alhali kuwa maganinta mai sauƙi ne. Idan Baba yana da ciwon ƙoda a sanar da likita, domin ta ƙoda ragowar mofin ke fita, kuma idan ta yi rauni sai ya taru a jiki. Ku kuma tambaya ko za a iya yi wa wurin gashin sankara, wato haska shi da na'ura don kashe ƙwayoyin sankarar, domin yakan rage zogin ƙashi sosai, wani lokaci ma da zama ɗaya.

Zan ƙara da cewa samun mofin a hannu ba ƙaramin rabo ba ne. Wani kwamiti na mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya da suka fi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa a duniya.

Tambaya: Likita, ni magidanci ne mai shekara 41. Wata takwas da suka wuce bayana ya riƙe, aka rubuta mini tiramadol miligiram 50 sau biyu a rana na mako biyu. Na ci gaba da sha da kaina, yanzu na kai miligiram 100 sau biyar a rana, ciwon kuma yana nan. Ranar da ban sha ba sai gumi, hamma, yoyon hanci da gudawa, ƙafafuna su hana ni barci. Shin na zama ɗan ƙwaya ke nan?

Amsa: Malam, na yaba da ka fito ka faɗi gaskiya, domin mutane da dama sukan ɓoye irin wannan har sai ta kai su ga faɗuwa. Abu na farko da gaggawa: miligiram 500 a rana ya haura iyakar miligiram 400 da aka ƙayyade wa baligi, kuma tiramadol yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan ya yi yawa, ko da mutum bai taɓa yin ta ba. Haɗarin yana ƙaruwa idan kana shan maganin ciwon damuwa. Ka ga likita a cikin makon nan, ka faɗa masa ainihin adadin da kake sha ba tare da ragi ba.

Likitoci suna bambanta abubuwa uku da jama'a ke haɗawa wuri guda. Akwai sabo, inda adadin da ke yi wa mutum aiki a da ya daina isarsa. Akwai dogaron jiki, inda jiki ke yin bore idan aka yanke maganin kwatsam, kuma gumi da hamma da gudawar da ka lissafa alamominsa ne. Waɗannan biyun suna iya samun duk wanda ya sha irin wannan magani kullum na tsawon makonni, ko da bai taɓa ƙetare umarnin likita ba. Na uku shi ne kamu, wanda ake gane shi da ƙwallafa rai a kan maganin, da kasa tsayawa a kan adadi, da ci gaba da sha duk da ana ganin yana ɓata aiki ko zaman iyali. Biyun farko ka same su babu shakka. Na ukun sai an zauna da kai za a tantance, amma ƙarin da ka riƙa yi da kanka alama ce da ba zan raina ba. Ko da an tabbatar da shi, cuta ce da ake yi wa magani, kuma akwai magunguna irin su metadon da bufirenofin da aka tanada domin hakan.

Kada ka yanke tiramadol ɗin a dare ɗaya. Ana janye shi ne a hankali, sau da yawa a rage kimanin kashi 10 cikin 100 a mako, ko ma a wata ga wanda ya daɗe yana sha. Ka kuma sani cewa bayan an rage, sabon da jikinka ya yi yana gushewa, saboda haka komawa ga tsohon adadin a tashi ɗaya na iya kashe mutum.

Shi kansa ciwon bayan, tun asali irin wannan magani ba shi ne gwaninsa ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta JAMA a 2018 ya bibiyi mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu har tsawon shekara guda, aka tarar waɗanda aka ba dangin ofiyom ba su fi waɗanda aka ba sauran magungunan ciwo samun sauƙin gudanar da harkokinsu ba, illolin magani kuma sun fi yawa a wurinsu. Amurka ta koyi wannan darasi da tsada, domin bayan shigowar OxyContin, wata ƙwaya ta dangin ofiyom, kasuwa a 1996 an yawaita rubuta irin waɗannan ƙwayoyi ga masu ciwon yau da kullum, daga baya matsalar ta koma ta hiroyin da fentanil na bayan fage, har mutanen da suka mutu sanadiyyar dangin ofiyom suka haura 80,000 a 2021 kaɗai. Wani lokaci ma daɗewa a kan maganin yana sa jijiyoyi su ƙara jin ciwo. Abin da ya fi amfanar mai ciwon baya shi ne motsa jiki bisa tsarin likitan gashin ƙashi, da gyara yanayin zama da ɗaukar kaya, da magunguna irin su ibufurofen na ɗan lokaci ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Idan kuwa ka ji ƙafa tana mutuwa, ko fitsari ko bayan gida yana kufce maka, ka tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ina da ragowar ƙwayoyin kodin da aka ba ni bayan tiyata. Zan iya gutsura wa ɗana mai shekara 7 da ke ciwon haƙori?

Amsa: A'a, Hajiya. Hanta ce ke juya kodin ya zama mofin a cikin jiki, kuma hantar wasu mutane tana yin hakan da sauri fiye da kima ba tare da sun sani ba. Yara sun rasu ta wannan hanya, shi ya sa hukumomin kula da magunguna na Turai da Amurka suka hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara 12 ba, suka kuma gargaɗi masu shayarwa. Ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa, ki kai shi wurin likitan haƙori, ragowar ƙwayoyin kuma ki mayar wa mai ba da magani.

Tambaya: An sallamo maigidana bayan tiyata da magani mai ƙarfi na dangin mofin, kuma ya saba shan diyazefam idan barci ya ƙi zuwa. Ta yaya zan bambanta barcin lafiya da na haɗari?

Amsa: Da farko, kada ya haɗa su sai da sanin likitan da ya sallame shi, domin diyazefam da barasa da sauran masu sa barci suna taruwa da dangin mofin su danne numfashi. Mai barcin lafiya yana farkawa idan kin kira sunansa ko kin taɓa kafaɗarsa, ya amsa miki da magana mai ma'ana. Idan kin yi shakka, ki sa agogo a gabanki ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin minti ɗaya cur. Baligi yakan yi numfashi 12 zuwa 20. Idan ya sauka ƙasa da 10, ko yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, ko leɓɓansa da faratansa sun sauya launi, ko kin ɗaga fatar idonsa kin ga baƙin tsakiyar ya tsuke kamar kan allura kuma ya ƙi farkawa, to ki nemi taimakon gaggawa nan take, ki kwantar da shi a gefensa, kada ki ɗura masa komai a baki. Akwai maganin da ke warware wannan hali cikin mintuna, sunansa nalokson, ana yin sa ta allura ko a fesa a hanci, kuma yana da kyau ki tambayi likita ko za a ba ku ku ajiye. Sai dai ƙarfinsa yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, alhali maganin da ya jawo matsalar yana iya daɗewa fiye da haka a jiki, don haka ko da ya farfaɗo ya ce miki ya warke, sai an kai shi asibiti an sa masa ido.