Hancin Roba da Kamfanin Inshora: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai tura takardun neman kuɗi ga kamfanonin inshora a wani asibitin haƙori a Amurka. Likitanmu ya yi wa wani dattijo hancin silikon bayan an cire nasa saboda ciwon daji. Na tura lambar D5913, sai suka ƙi biya, wai aikin kwalliya ne. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Lambar daidai take, D5913 ita ce ta hancin roba a tsarin CDT, wato jerin lambobin ayyukan haƙori na Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka. Sai dai inshorar haƙori ba kasafai take ɗaukar wannan aiki ba. Ƙofar da ya kamata ki fara ƙwanƙwasawa ita ce inshorar lafiya, da fom ɗinta na neman kuɗi, CMS-1500. Idan likitan ne da kansa ya ɗauki awon fuska ya kuma haɗa hancin, lambar a tsarin CPT, wato jerin lambobin ayyukan likitoci, ita ce 21087. In kuwa a waje aka haɗa shi, wannan lamba ba ta dace ba. Wanda ba likita ba yana amfani da lambar L8040.

Maganar kwalliya kuma, rubutu ne ke kashe ta. Mai duba takardar bai ga fuskar dattijon ba, abin da aka rubuta kaɗai ya sani. Ki sa lambar cuta: Z90.09 tana nuna rashin hanci, a haɗa da ta dajin da ya jawo cirewar. Ki liƙa rahoton tiyata, sakamakon gwajin nama, da hotuna ta gaba da ta gefe. Wasiƙar likita ta faɗi amfanin hancin ƙarara: yana rufe ramin da ya rage, yana hana ƙura shiga, yana rage bushewar fatar ciki, yana ba tabarau wurin zama. A bayyana yadda ake riƙe shi, da gam ne ko da maganaɗisu a kan ƙusoshin da aka dasa a ƙashi. Ki ɗaukaka ƙara da waɗannan tun wa'adin bai cika ba, domin mutumin da ya sha wuƙa bai kamata a bar shi da bashi ba. Nan gaba kuma a nemi amincewar kamfani kafin a taɓa aikin.

Tambaya: In hancin ya tsufa fa?

Amsa: Silikon na koɗewa da rana da gumi, bakinsa mai siranta yana yagewa wajen ɓare gam. Lambar sauyi a CDT ita ce D5926. A tsarin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ana ƙara wa lambar L8040 haruffan KM idan an sake awo, KN idan da tsohon samfurin aka yi amfani. A rubuta dalilin sauyin da ranar da aka ba da na farko, a haɗa da hoton yagewar. A Medicare, gyaran da aka yi cikin kwana 90 da miƙa hancin yana cikin kuɗin farko, ba a cajinsa daban.