Hukuncin koya wa ɗalibai shari'ar Sokiratis da kiransa shahidi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Na shirya wa ɗalibaina wasan kwaikwayo kan shari'ar Sokiratis, masanin falsafar nan na Girka, don su koyi faɗin gaskiya da tsayuwa a kanta. Na sa wa wasan suna "Shahidin Gaskiya", a ƙarshe kuma yaro zai ɗauki kofi ya sha, yadda shi ya sha guba. Wani abokin aikina ya ce haramun ne, wani kuma ya ce ai shi Sokiratis Annabi ne ma. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba da labarin halal ne. Annabi (SAW) ya saurari waƙoƙin Umayya bin Abis Salt, alhali Umayya bai musulunta ba. Wanda ya ce maka haramun ne ya tsananta.

Kuma akwai abin koyi a labarin. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka gurfanar da Sokiratis a birnin Atina yana ɗan kimanin shekara 70, gaban masu yanke hukunci kusan 500, bisa zargin ƙin yarda da allolin gari da lalata tarbiyyar matasa. Ya ƙi kawo 'ya'yansa su yi kuka don a tausaya masa, ya kuma ce ko an sake shi da sharaɗin ya yi shiru ba zai yarda ba. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina ya faru tun kafin shari'ar: lokacin da azzalumai 30 ke riƙe da garin, sun tura shi da wasu mutum huɗu su kamo wani Liyon na Salamis a kashe. Huɗun suka tafi, shi ya juya ya nufi gida. Wannan ka sa a tsakiyar wasan, domin ɗalibinka gobe ma'aikaci ne, za a miƙo masa takardar zalunci a ce sa hannu.

Inda matsala take shi ne sunan wasan. Shahada hukunci ne na shari'a, tana tafiya da imani, ba lambar yabo ba ce da ake rataya wa duk wanda aka kashe da zalunci. Canja sunan.

Maganar annabci kuwa, ka ce wa abokinka ya ji tsoron Allah. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da aya ta 78 a Suratu Gafir, cewa akwai manzannin da ba a ba mu labarinsu ba. Ayar gaskiya ce, amma ba ta ba kowa izinin cike gurbi da sunan da ya ga dama ba. Annabcin wani mutum takamaimai ba ya tabbata sai da nassi. Sai su ce Shahrastani, malamin tarihin addinai, ya rubuta a littafinsa Al-Milal wan-Nihal cewa Sokiratis ya hana shirka da bautar gumaka. Ya rubuta. To amma tsakaninsu akwai shekara fiye da 1,500, kuma almajirin Sokiratis, Aflatun, wanda ya halarci shari'ar, ya ruwaito shi yana jingina aikinsa ga allan da ake bauta wa a Delfi, wani wurin bauta na Girkawa, ya kuma ce maganarsa ta ƙarshe wasiyya ce a biya zakaran da wani abin bautarsu, Askilibiyos, yake binsu. Wane Annabi ne zai cika da irin wannan wasiyya? Muryar da Sokiratis ya ce yana ji tana hana shi wasu abubuwa ma ba wahayi ba ce don kawai ya faɗa. Imam Gazali a littafinsa Al-Munƙiz ya lissafa shi tare da Aflatun da Arisɗo, bai kuma wanke aƙidarsu ba. Makomar Sokiratis a Lahira tana hannun Allah, ba mu da tabbacin wane saƙo ne ya iske shi.

Kofin nan kuma, Malam, ka cire shi. Hukuncin kotu aka zartar masa, ba shi ya nemo gubar ba, amma ɗan shekara 14 ba zai tsaya bambance wannan ba. Zai ga an sha guba an yi tafi, a garin da ake sayar da fiya-fiya a kowane lungu. Mai ba da labari ya faɗi ƙarshen da baki ya wadatar. Ka kuma sanar da su cewa ƙin guduwarsa daga kurkuku, bayan abokinsa Kirito ya shirya masa hanya, zaɓinsa ne. Annabi Musa (AS) ya fita daga Masar da aka ƙulla kashe shi.

Ban ga ka ambaci Sa'id bin Jubair gaban Hajjaj ba, ko Imam Ahmad da bulalar da ya sha a zamanin Mu'utasim. Ina tsoron yaranka su san na Atina su jahilci nasu. Haɗa su a darasin. Ka kuma fayyace musu cewa faɗin gaskiya gaban mai mulki daban, ƙazafi da zagin mutane a Facebook daban, taɓa alfarmar addini kuwa ba ya cikin 'yancin da Musulunci ya sani. Abokan aikin naka biyu kuma ka same su a keɓe, kada a mayar da ofishin malamai filin musu gaban yara.

Wallahu a'alam.