Fatawa: Hukuncin Yanke wa Gwamnati Tallafi Idan Ta Tare Hanyar Kayan Agaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna ta musu a majalisarmu kan kiran da ake yi wa Amurka ta daina bai wa Isra'ila tallafi saboda hana shigar da abinci Gaza. Wani daga cikinmu ya ce idan muka goyi bayan haka, gobe ƙasar Musulmi za a yi wa, kuma talaka ne zai sha wuya. Shin Shari'a ta yarda a yanke wa gwamnati tallafi a kan irin wannan laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tallafin ba iri ɗaya ba ne, don haka hukuncinsa ma ba zai zama ɗaya ba.

Hana mayunwaci abinci alhali ga shi an kawo har bakin iyaka zalunci ne babba. Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, to ina ga wanda ya tsare gari guda? Duk abin da ke ƙarfafa hannun mai wannan aiki, makamai ne ko kuɗin sayensu, ci gaba da ba shi haramun ne, yanke shi kuma wajibi ne. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2: "Kada ku taimaki juna a kan zunubi da ta'addi." A hadisin Bukhari kuma, da aka tambayi Annabi yadda za a taimaki azzalumi, sai ya ce a hana shi zaluncin. Babu bambanci a nan tsakanin gwamnatin Musulmi da wadda ba ta Musulmi ba. Idan gobe shugaba Musulmi ya tare wa jama'a abinci, hukuncin da ya hau kan wancan shi zai hau kansa.

Ita Amurka ma tana da doka a kan haka, sashe na 620I na dokarta ta tallafa wa ƙasashen waje, wanda ya hana ba da taimakon tsaro ga ƙasar da ke tare agajin da Amurka ta aika. A Oktoban 2024 sakataren harkokin wajenta Antony Blinken da na tsaronta Lloyd Austin sun bai wa Isra'ila wa'adin kwana 30 ta riƙa barin manyan motoci 350 suna shiga Gaza kullum. Wa'adi ya cika, ba a kai ko kusa ba, makamai suka ci gaba da tafiya cikin dala biliyan 3.8 da ake ba ta duk shekara. Daga 2 ga Maris 2025 aka rufe ƙofa ruf har kusan mako 11, kuma a Agustan shekarar aka tabbatar da matsananciyar yunwa a birnin Gaza. Wanda ya yi kira a aiwatar da wannan doka, hani da mummuna yake yi da harshensa, muna yi masa fatan lada.

Amma tsoron abokinku yana da tushe. Abinci da magani da allurar rigakafin yara haƙƙin mabuƙaci ne, ba a horon sarki da cikin talakansa. Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Ku duba ƙissar Sumamatu ɗan Usal, shugaban Yamama. Da ya musulunta sai ya rantse wa Ƙuraishawa cewa ƙwayar alkama ɗaya ba za ta ƙara zuwa Makka ba sai da izinin Annabi. Malaman sira sun ruwaito cewa da abin ya tsananta, Ƙuraishawa suka rubuto suna haɗa Annabi da zumunta, sai ya umarci Sumamatu ya saki hanya. Waɗannan fa su ne suka tsare Annabi da danginsa a kwarin Abu Ɗalib shekara 3, kuma a lokacin suna yaƙi da shi, amma bai rama da yunwa ba.

Shi ya sa ban ga halaccin irin abin da ya faru a Habasha a Yunin 2023 ba, da aka dakatar da rabon abinci a ƙasar baki ɗaya na tsawon watanni saboda an gano ana karkatar da shi. Satar gaskiya ce, amma gyaranta shi ne a canza hannun da ke rabo, a tsananta sa ido, a hukunta ɓarayin.

Saura kuɗin da ake zubawa kai tsaye a baitulmalin gwamnati, nan ne wurin ijtihadi, domin daga cikinsa ake sayen harsashi, daga cikinsa kuma ake biyan ungozoma. Abin da nake rinjayarwa shi ne ya halatta a dakatar da shi bayan an yi gargaɗi, an faɗi sharaɗi a fili, an juya kason asibiti da makaranta ta hannun amintattun da ba gwamnati ba, kuma a mayar da shi da zarar an buɗe hanya. Idan masana halin ƙasar suka tabbatar cutarwar za ta fi ta farko, a bar shi a nemi wata hanyar matsin lamba, kamar hana jami'an da ke da hannu biza da riƙe dukiyarsu.

Wallahu a'alamu.