Ga Mai Tambaya Kan Kimiyya A Jarrabawar Neman Aikin Gwamnati

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka, cewa ka cike takardar neman aikin kaki, an ce maka akwai tambayoyin kimiyya a jarrabawar, kai kuma rabonka da kimiyya tun aji uku na ƙaramar sakandare, ga shi lokacin da ya rage bai wuce wata biyu ba. Kana son sanin ta ina za ka fara, da kuma ko ka sayi tarin tsofaffin tambayoyin da ake tallatawa a waya. Na zauna irin waɗannan jarrabawoyi a baya, yanzu kuma ina zama da matasan unguwarmu da yamma muna bita, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba.

Ka fara kwantar da hankalinka. Ko 'yan sanda ne, ko kwastam, ko hukumomin nan huɗu da ke ƙarƙashin kwamiti ɗaya, wato shige da fice, sibil difens, gidajen gyaran hali da kwana-kwana, abin da aka saba gani shi ne Turanci, lissafi da tambayoyin ilimin yau da kullum. A cikin kashi na ƙarshen nan kimiyya take shigowa, kuma ba likita ko injiniya ake nema da ita ba. Matakinta bai cika wuce abin da ake koya wa yaro daga aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare ba. Wanda ya nemi gurbin ƙwararru, kamar nas ko mai aikin ɗakin gwaje-gwaje, shi ne zai iya haɗuwa da tambayoyin fanninsa. Kai ba ka cikin wannan sahun.

Don haka shawarata ita ce ka nemi littattafan kimiyya na waɗannan azuzuwa uku. Ka ara wajen ƙannenka ko ka saya wajen masu tsofaffin littattafai, kuɗinsu bai kai abin da za a karɓe maka a waya ba. Ka karance su daga bango zuwa bango, kada ka ji kunyar a gan ka da littafin yara.

Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma a ƙarshe, ba a farko ba. Da yawa daga waɗanda ke yawo a waya an kwafe su ne daga hannu zuwa hannu, kuma na sha ganin amsar da ba daidai ba an ja mata layi a matsayin ita ce daidai. Wanda bai karanta littafi ba ba shi da hanyar ganewa. Abu na biyu, mai tsara jarrabawa yana juya tambaya. Yaro zai haddace cewa sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, sai a tambaye shi wace ƙwayar halitta ce ke haddasa cutar, ya danna sauro da ƙarfin gwiwa, ya faɗi. Ƙwayar ita ce falasmodiyam, macen sauro jinsin anofilis kuwa ɗauko ta kawai take yi ta kai wa mutum. Wanda ya gane wannan bambancin zai amsa ko ta wane ɓangare aka zo masa.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne jikin ɗan Adam da cututtuka, domin nan ne tambayoyi suka fi yawa, kuma nan ne muke da riba ba mu sani ba. Mu da muka tashi a Arewa mun ga waɗannan cututtuka da idonmu. Ga kowace cuta ka riƙe abu uku: me ke haddasa ta, ta yaya take yaɗuwa, yaya ake kare kai. Amai da gudawa, wato kwalara, bakteriya ce da ke bin gurɓataccen ruwa da abinci. Tarin fuka ma bakteriya ce, amma ta iska. Ƙyanda da shan inna bairos ne, rigakafi ke tare su, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan Nijeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe a nahiyar da ta yi fama da ita. Zazzaɓin Lassa ɓera ke yaɗa shi, an fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Zazzaɓin shawara sauro ne ke ɗauko shi, amma wani jinsi daban da na maleriya. Ciwon barci ƙudan tsando ne. Kurkunu ta ruwan sha take shiga, kuma tun 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Ka ga yadda kimiyya da al'amuran yau da kullum ke haɗuwa a wuri ɗaya, karatu ɗaya ya ba ka maki biyu.

Haka cututtukan rashin abinci mai gina jiki. Dundumi daga ƙarancin bitamin A yake, maƙoƙo daga ƙarancin aidin, shi ya sa ake zuba shi a gishirin da muke saya. Ƙarancin bitamin D kan lanƙwasa ƙafafun yara, na bitamin C kan sa dasashi ya yi jini, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma kan jawo ƙarancin jini. Sai sikila, wadda kowa ya san gidan da take. Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya bisa huɗu a haifi mai SS. Ka lura, a kowane ciki na ce, ba wai idan an haifi huɗu dole ɗaya ne kawai zai fito da ita ba. Kada ka rikita wannan da rukunin jini na A, B, AB da O, domin matasa da yawa a nan suke tuntuɓe. Akwai kuma lambobin da ba makawa sai an haddace: ƙasusuwan babban mutum 206, haƙora 32, ɗakunan zuciya huɗu, zafin jiki na lafiya digiri 37 a ma'aunin Salshiyos.

Ilimin sinadarai shi ya fi ba mutane tsoro, alhali yana cikin gidanku. Ka ɗauki buhun taki ka duba haruffa ukun nan, NPK. Naitirojin ne, da fosforos, da fotasiyam, kuma 15-15-15 ɗin da ke jiki kason kowannensu yake nunawa. Yuriya kuwa naitirojin ce kaɗai take bayarwa, kashi 46 cikin ɗari. Tsamiya da lemon tsami suna ɓangaren asid, kanwa da ruwan toka suna ɗaya ɓangaren, ruwa mai tsabta yana tsakiya a lamba 7 ta ma'aunin pH. Ƙarfe yana tsatsa idan ya haɗu da ruwa da oksijin, shi ya sa ake shafe kwanon rufi da tutiya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, oksijin kashi 21 ne kawai, kuma wannan tambaya tana kayar da mutane domin kowa yana zaton oksijin ta fi yawa. Alamomin sinadarai ashirin na farko ka haddace su, ka ƙara da na ƙarafan da alamarsu ba ta kama da sunansu na Turanci: Fe na ƙarfe, Au na zinare, Ag na azurfa, Cu na jan ƙarfe, Sn na kuzar da aka san Jos da ita, da Pb na dalma. Dalmar nan ita ce ta kashe yara masu yawa a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje.

Tunda kaki kake nema, ka ba wuta da hayaƙi kulawa ta musamman, ko da ba kwana-kwana ka cike ba. Wuta ba ta ci sai da abu uku: makamashi, zafi da oksijin. Ka cire ɗaya, ta mutu. Ba a zuba wa wutar fetur ruwa domin fetur yana tasowa saman ruwa ya ƙara bazuwa, ba a zuba wa ta lantarki domin ruwa na iya ɗauko wutar ya kawo maka. Hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki yana kisa saboda kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Wannan ko ba don jarrabawa ba ya kamata kowa ya sani.

A fizik, abin da aka fi tambaya shi ne ma'aunai da na'urori: bolt, amfiya, wat, om, jul, nuton, da abin da kowanne ke aunawa, sai na'urar auna zafi, ta nauyin iska, ta gudun iska da ta danshi. Sauran kuwa ka tambayi kanka dalilin abin da kake gani kullum. Ruwan randa yana sanyi ne domin wanda ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, ya tafi da zafi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Kana ganin walƙiya kafin ka ji tsawa domin haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa kusan mita 340. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a daidai gaɓar teku, amma a Jos yana tafasa kafin ya kai haka, saboda nauyin iska yana raguwa a kan tudu. Kainji, Jebba da Shiroro suna juya ƙarfin gangarowar ruwa ya zama lantarki. Na sararin sama ba shi da yawa: duniyoyin da ke zagaya rana takwas ake ƙirgawa tun 2006, husufin rana kuma wata ne ke shiga tsakanin rana da duniya, kamar wanda aka gani a yankin Katsina da Gusau ranar 29 ga Maris 2006.

Akwai matsalar da ta fi rashin sani cin yaranmu, kuma tana damuna. Jarrabawar da Turanci take zuwa. Ka san ƙyanda, ka san sanƙarau, ka san hanta da ƙoda da saifa, amma za ka gane su idan suka fito a allon kwamfuta? Ka sami littafin rubutu ka raba kowane shafi biyu, Hausa a gefe ɗaya, sunan Turanci a ɗayan, kana cikawa yayin da kake karatu. Kowace safiya ka rufe gefe ɗaya ka gwada kanka.

Wata biyun naka ga yadda zan raba shi da ni ne. Mako biyar na farko littattafan nan uku, awa ɗaya bayan asuba lokacin da kai yake sake, ba tare da ka yi watsi da Turanci da lissafi ba, domin su ne suka fi ɗaukar maki. Ragowar makonnin sai ka ɗauko tsofaffin tambayoyi, ka sa agogo a gabanka, duk wadda ka faɗi ka koma littafi ka nemo dalili. Idan kun sami ku uku ko huɗu kuna yi wa juna tambaya, ya fi, domin abin da ka bayyana wa wani da bakinka ba ya saurin ɓacewa.

Kuma don Allah ka je shagon kwamfuta kafin ranar. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma yawancin jarrabawoyin ɗaukar aiki yanzu a irin waɗannan cibiyoyi ake yin su. Na ga waɗanda suka san amsa amma hannunsu na rawa a kan linzamin kwamfuta har lokaci ya cinye su. Ka saba da zaɓar amsa, da wucewa gaba, da dawowa baya. Ka karanta tambaya har ƙarshe, musamman masu cewa wanne ne ba ya ciki. Wadda ta tsaya maka ka wuce ta, ka dawo idan lokaci ya rage.

Duk wanda ya kira ka ya ce yana da tambayoyin da za su fito, ko zai sa sunanka idan ka turo kuɗi, ka kashe wayarka. Labarin rana da wurin jarrabawa ka riƙa dubawa a shafin hukumar da kanta. Idan ka kai wani babi ya tsaya maka, musamman na lantarki ko na gadon jini, ka ɗauko hoton shafin ka turo nan, in sha Allahu za mu warware shi tare. Allah Ya ba da sa'a.