Cutar Chagas da Mutuwar Fuju'a: Ana Iya Gane Mai Haɗari Tun da Wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena yana karatu a Brazil, ya kuma ba ni labarin dattijon da yake haya a gidansa, wanda ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa, rai ya yi halinsa nan take, alhali ba ya jinya. An ce cutar Chagas ce ta taɓa masa zuciya. Shin likitoci ba sa iya hango irin wannan mutuwa? Shi ƙanen nawa fa, yana cikin haɗari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba iyalansa haƙuri. Likitan Brazil Carlos Chagas ne ya gano wannan cuta a 1909, kuma ƙwayar da ke haddasa ta, Trypanosoma cruzi, 'yar uwa ce ga wadda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Wani ƙwaro ne ke ɗauke da ita, wanda mutanen Brazil ke kira da sunan da ke nufin wanzami. Yana ɓuya a tsagar bangon ɗakin laka, ya fito da dare ya sha jini a fuska, ya yi kashi kusa da cizon, mai barci kuma ya sosa ya shigar da ƙwayar da hannunsa.

Abin da ke damuna da wannan cuta shi ne shirunta. Mutum zai shafe shekara 20 ko 30 garau, tana cin naman zuciyarsa a hankali tana barin tabo. Kusan kashi 30 cikin 100 na masu ɗauke da ita suna kamuwa da ciwon zuciya, kuma tabon nan ne ke rikita siginar da ke tsara bugawa, har wata rana zuciyar ta kama karkarwa maimakon harba jini.

Ana iya kimanta haɗarin. A 2006 Dakta Anis Rassi da abokan aikinsa a Brazil suka wallafa ma'auni bayan bibiyar majinyata 424, inda ake ba kowace alama maki, sai a tara jimilla. Haki da kasala ga ɗan ƙaramin aiki maki 5 ne, girman zuciya a hoton ƙirji ma 5. Raunin motsin bangon zuciya a hoton eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) maki 3, gajeren bugu mai gudu da na'urar da ke naɗar bugun zuciya na awa 24 ta kama shi ma 3, sai raunin sigina a awon ECG (awon siginar lantarkin zuciya) da kasancewa namiji, maki 2 kowanne. Cikin shekara 10, kashi 10 na masu maki 6 zuwa ƙasa suka rasu, amma a masu maki 12 zuwa sama, kashi 84 ne.

Sai dai ma'aunin yana lissafa mutuwa ce gaba ɗaya, bai ware ta fuju'a ba, shi ya sa a ganina bai kamata ƙarancin maki ya sa likita ya saki jiki ba. Wanda ya taɓa suma, ko hoton MRI ya nuna tabo mai faɗi a zuciyarsa, yana buƙatar kulawa ta musamman, ko dai da maganin amiodarone, ko da na'urar da ake dasawa a ƙirji ta daidaita bugun idan ya rikice.

Game da ƙanenki, ki kwantar da hankalinki, domin zama gida ɗaya ko cin abinci da mai cutar ba ya yaɗa ta. Ban da ƙwaron, tana bi ta ƙarin jini, da daga uwa zuwa jariri, da ɗanyen ruwan rake ko na 'ya'yan itace da ƙwaron ya gurɓata. Ya kiyayi irin waɗannan idan bai san inda aka haɗa su ba, ya kuma shawarci 'yan uwan mamacin da suka tashi ƙauye ɗaya da shi su je a gwada jininsu.