Ragon dutsen Amurka: me ya sa karo ba ya fasa masa kai?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wasu ragunan daji masu manyan ƙahoni suna karo a kan dutse, ƙarar kamar harbin bindiga. Yaya aka yi kansu ba ya fashewa? Kuma da mutum zai samu ɗaya, zai iya haɗa shi da tumakinsa na gida?

Amsa: Abin da ka gani ragon dutse ne na Arewacin Amurka, wanda ake kira bighorn. Yana zaune a tsaunukan Roki da hamadar da ke kudu da su, tun daga Alberta a Kanada har arewacin Meziko. Ba jinsinsu ɗaya da ragon dutsen tsaunukan Ayar na Nijar ba.

Karon na lokacin barbara ne, wajen Nuwamba da Disamba. Raguna biyu za su ja da baya, kowa ya miƙe kan ƙafafunsa na baya, su rugo da gudun da ya kai kilomita 30 a awa su gwabza. Ana jin ƙarar daga nisan fiye da kilomita guda, kuma sukan shafe awanni ana yi kafin ɗaya ya sare.

Sirrin yana cikin halittar kan. Ƙoƙon kansa rufi biyu ne, da ƴan ginshiƙan ƙashi a tsakani. Ƙahon kuma, wanda kan kai kilo 14 a jikin ragon da bai wuce kilo 140 ba, shi ke fara shanye bugun, sannan kakkauran wuya ya ɗauke saura. Duk da haka ba sa fita lafiya lau. Ka duba tsohon rago da kyau, za ka ga bakin ƙahonsa a gutsure, karan hancinsa duk tabo. Ƙahon ba ya faɗuwa. Kowane hunturu girmansa kan tsaya ya bar zobe, da zoben ne ma ake ƙirga shekarunsa.

Batun haɗa shi da tumakin gida kuwa, kada ma ka fara. Tunkiyar gida ta fi karo yi masa ɓarna, nesa ba kusa ba. Tana ɗauke da wata ƙwayar cuta a hanci, Mycoplasma ovipneumoniae, sau da yawa ita ko a jikinta. Shi kuwa shinshinar juna kawai ta isa ta sa masa ciwon huhu, ya kai wa garkensu. Manya su yi ta mutuwa, waɗanda suka tsira kuma su riƙa shafa wa ƴaƴansu shekara da shekaru. Cuta da farauta da damisar dutse suka taru suka mai da na tsaunukan Siyera Nebada a Kalifoniya kusan 100 kacal a 1995, har gwamnatin Amurka ta sa su cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a 1999. Shi ya sa a wasu jihohin, in jami'an gandun daji suka ga rago ya shiga cikin tumakin gida, harbe shi suke yi kafin ya koma wurin ƴan'uwansa.